Injin da Ba Ya Sauri

Shekara goma sha ɗaya ina markaɗe a Kumo,
rumfar bayan tasha, jikin masu gawayi.
Da kunne nake gane bel ya saki,
da yatsa nake sanin ƙullun da bai yi laushi ba.
Ban taɓa zaton akwai wani injin a jikina ba,
ƙanƙane, ido ba ya kai gare shi,
shi ma yana niƙa, sai dai da nawa.

Ɗana na fari ya zo da ƙofa a gadon baya,
kamar buhun da aka manta ba a ɗinke ba.
Kwana shida ya yi.
Ragon suna na ɗaure yana cin harawa,
bai san an fasa ba.
Aka ce na tsallaka wani abu da almuru,
aka ce iska ce, aka ce baki ne.
Duk na ɗauka, babu gammo.

Sai bara, a babban asibitin Gombe,
likita Rifkatu ta kifa takardar gwajin jinina,
ta zana tsani a bayanta, murɗaɗɗe kamar igiyar guga.
Ta ce: Tabawa, wannan rubutun gado ne,
rabi na uwa, rabi na uba.
A wuri guda, harafi ɗaya ya sauya.
Ba cuta ba ce. Jama'a da dama na yawo da shi
har furfura, ba su sani ba.
Akwai wani sinadari a ganye, a wake, a hanta,
sai jiki ya sarrafa shi yake gina jini da shi,
da shi ake ɗinke bayan ɗan tayi.
Naki yana sarrafawa, amma a hankali.

Na ce: to shi ya ɗauke mini yaro?
Ta yi shiru, fanka na ta kewaya kanmu.
Ta ce: ban isa in rantse ba,
hannu da yawa ne a cikin ƙwaryar.
Abin da na sani, ɗinkin nan na mako huɗu ne,
ana gama shi tun mace na ƙirgen ɓatan wata.
Shi ya sa ƙwayar nan tun kafin ciki ake fara ta.
Taki ma, saboda abin da ya wuce,
ni zan auna miki, kada ki auna da kanki.

Dariya ta kuɓuce mini, ta ɗago kai.
Na ce: likita, ai sana'ata kike karanta mini.
Injin da ba ya sauri ba a kai shi bola,
sammako ake yi masa,
kada a bar mazubi ya zauna wayam.

Da na koma gida Inna Dije na tsinke zogale.
Ta saurara har ƙarshe, hannunta bai tsaya ba.
Can ta ce: ni na ba ki ke nan?
Na ce: ko ke, ko Baffa, ko ku duka.
Ke kika ba ni wushiryar nan ma,
ban taɓa kawo miki ƙara ba.
Ta share ido da gefen zane, ta ce hayaƙi ne,
alhali ko wuta ba a hura ba.

Daren nan na kira Zulai a Dadin Kowa,
amaryar wata uku, mijinta mai lambu.
Alayyahu suke lodawa mota-mota zuwa birni,
su kwana da shinkafa da mai.
Na ce: ki riƙa rage ɗauri biyu a kwando,
ki je awo tun babu abin aunawa.
Ta ce: Yaya, kunya.
Na ce: ni na ga ragon da aka kwance.

Yanzu ƙwayar tana nan a gwangwanin mabuɗi,
ƙarama, ba ta kai ƙwayar dawa ba.
Kullum asuba sai na haɗiye ta
kafin in ja igiyar inji.
Ya yi tari sau biyu, ya kama.
Yarinyar mai ƙosai ta riga kowa,
da bokitin wake a ka, tana hamma.